Haƙar Kwal Da Haƙƙin Mutanen Karkara A Ma'aunin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kuma ɓoye taskoki a cikinta domin amfanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, akwai wata mas'ala da ya kamata manoma da makiyaya na ƙasar Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, da ma sauran mutanen karkara, su san hukuncinta tun ba ta iso ƙofar gidansu ba. Mas'alar kuwa ita ce: idan aka gano wani ma'adini a ƙarƙashin gonakin wani ƙauye, hukuma kuma ta ba wani kamfani izinin haƙarsa domin amfanin ƙasa baki ɗaya, shin ya halatta mutanen wannan ƙauye su ɗauki asarar, waɗansu kuma su kwashe ribar? Ma'adinin da ya fi fito da wannan tambaya fili a ƙasar nan shi ne kwal, domin an fi shekara 100 ana haƙarsa, kuma abin da ya bari a bayansa yana nan, mai son gani yana iya zuwa ya gani.

Shi kwal baƙin dutse ne mai cin wuta, asalinsa itatuwa ne da tsirrai waɗanda ƙasa ta binne tun zamani mai nisa, nauyi da zafi suka mayar da su haka. An gano shi a Udi, kusa da Inugu, a shekarar 1909, aka shiga haƙarsa sosai a 1916, watau shekarar da layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal. Jiragen ƙasan da suka yi ta jigilar gyaɗa da auduga daga Kano da Gusau da Ƙauran Namoda da wannan kwal suke tafiya. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa a shekara ya kai wajen tan dubu 900. A can ne kuma, a mahaƙar Iva, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe leburori 21 masu yajin aiki a ranar 18 ga Nuwamba, 1949. A Jamhuriyar Nijar an kafa kamfanin SONICHAR a 1975 domin haƙar kwal a Anu Araren, cikin jihar Agadas, ana ƙona shi ana ba mahaƙan yuraniyom na Arlit wutar lantarki. A Nijeriya ta yau kuwa, haƙar ta fi ƙarfi a ƙasar Ankpa ta Jihar Kogi, da kuma Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko a Jihar Gombe.

Labarin Maiganga shi ya fi kusa da halin mutanen Dogon Daji, domin can ma ƙauye ne na manoma da masu kiwo. Wajen shekarar 2007 ne Kamfanin Siminti na Ashaka ya shiga wurin domin samun kwal ɗin da zai riƙa ƙona simintinsa da shi, aka tashi mutanen daga mazauninsu aka mayar da su sabon matsuguni. Tun daga lokacin jaridu da ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a suke ta kawo koke-koken mazauna wurin a kan ƙarancin gonaki, da gurɓacewar ruwa, da ƙura, da tsagewar bangon gidajen da aka gina musu. Kamfanin shi kuma yana nuna makaranta da rijiyoyin burtsatse da sauran ayyukan da ya yi musu. Ba aikin wannan fili ba ne ya yanke hukunci tsakanin masu jayayya ba tare da jin ta bakin kowa ba. Amma yadda irin wannan haƙa take cutarwa sananne ne a duk inda ake yin ta, kuma saninsa wajibi ne kafin a yi maganar halas da haram, domin malamai sun ce ba a hukunta abu sai an fahimci yadda yake.

Idan kwal yana kusa da doron ƙasa, akan kawo katafila a kankare ƙasar sama, wadda ita ce mai ɗauke da albarkar noma, a tara ta gefe guda, sa'an nan a fasa duwatsu a yi ta nutsawa har ramin ya cinye gonaki masu yawa. Ramin kan cika da ruwa, sai a sa injuna su riƙa zuƙe shi dare da rana. To ruwan nan shi ne wanda yake ciyar da rijiyoyin ƙauye, saboda haka sai idon rijiya ya yi ƙasa ko ya ƙafe. Har ila yau, a jikin kwal da duwatsun da ke tare da shi akwai wani sinadari mai farar wuta wanda, muddin yana binne, ba ya cutar kowa, amma da zarar ya haɗu da iska da ruwa sai ya haifar da ruwa mai tsami, ɗan'uwan ruwan batir. Wannan ruwa yakan narkar da ƙarafa masu guba ya gangara da su cikin rafi da fadama, kifi ya mutu, shuka ta ƙone, dabbobi su sha su rame. Masana sun daɗe suna nuna irin wannan gurɓata a kogin Ekulu na Inugu, alhali an rufe manyan mahaƙan can tun farkon wannan ƙarni.

Ta fuskar lafiya kuwa, ƙurar kwal tana da laushin da take wucewa har can cikin huhu ta zauna. Wanda ya daɗe yana shaƙarta yakan kamu da ciwon da likitoci suke kira baƙin huhu, numfashi ya riƙa yi masa wuya, tari ya ƙi ƙarewa, kuma har yau ba a sami maganin da yake mayar da irin wannan huhu yadda yake ba. Ƙurar ba ta tsaya a kan leburori kaɗai ba, domin tifofi suna ratsa ƙauye da ita, tana sauka a kan hatsin da aka shanya da randar ruwa da ganyen da awaki suke ci. Ta fuskar tattalin arziki, haƙar zamani aikin injuna ce, ba ta ɗaukar mutane da yawa, kuma manyan guraben aiki na masu ilmin injiniya ne da ake kawowa daga nesa. Ɗan ƙauye yakan sami gadi ko leburanci na ɗan lokaci, a madadin gonar da ta ciyar da kakansa da ubansa, wadda da an bar ta za ta ciyar da jikansa.

To, mene ne matsayin shari'a? Da farko dai babu mai cewa haƙar ma'adini haramun ce. Alƙur'ani ya bayyana a Suratul Baƙara cewa abin da ke cikin ƙasa an halitta shi ne domin mutane, ya kuma ambaci amfanin baƙin ƙarfe a Suratul Hadid. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Bilal ɗan Haris ma'adinan Ƙabaliyya. Sai dai malaman Malikiyya sun saɓa a kan mai mallakar ma'adinin da aka samu a gonar wani. Sahnun yana ganin ma'adini yana bin ƙasar da yake cikinta, watau na mai gona ne. Ibnul Ƙasim kuwa yana ganin al'amarinsa yana hannun shugaba ko da a gonar wani aka same shi, kuma wannan shi ne mashahurin zance, shi Shaihu Halil ya bi a cikin Muhtasar. Dalilinsu shi ne kowa yana bukatar ma'adini, in aka bar shi ga wanda ya riga isa, fitina da zubar da jini za su biyo baya. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 44, shi ma ya danƙa dukan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya.

A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Cewa ma'adini yana hannun shugaba ba ya nufin ya zama dukiyarsa. Malamai sun bayyana cewa shugaba yana ba mutum izinin amfani da ma'adinin ne kawai, ba ya mallaka masa shi, kuma duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa dole ya rataya ga maslaharsu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi ya ba shi mahaƙar gishiri ta Ma'arib a ƙasar Yaman, aka ba shi. Da wani daga cikin mazauna majalisar ya bayyana cewa gishirin nan kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda jama'a suke ɗiba ba ya ƙarewa, sai Annabi ya karɓe kyautar. Darasin da ke ciki a fili yake. Izinin da aka bayar kafin a san yadda zai shafi jama'a ana iya janye shi idan gaskiya ta bayyana, kuma mutumin da ya buɗe baki ya faɗa wa shugaba abin da bai sani ba ya yi aikin lada.

Mai jayayya yana iya cewa: ai ƙasa tana bukatar siminti da wutar lantarki, asibitoci da makarantu da gadoji duk da siminti ake gina su, kuma malamai da kansu sun yarda a jure cuta ta ɗaiɗaikun mutane domin a kawar da cuta ta gama-gari, don me gonakin gida 100 za su tsayar da aikin da miliyoyi za su amfana? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba a ture ta da ihu. Haƙiƙa shari'a ta ba shugaba ikon karɓar fili saboda bukatar jama'a. A shekara ta 17 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya faɗaɗa Masallacin Harami, ya sayi gidajen da ke kewaye ya rushe. Waɗanda suka ƙi sayarwa ma an rushe nasu, amma ya ajiye musu kuɗinsu a Baitulmali har suka zo suka karɓa. Abin lura shi ne, ko domin Ɗakin Allah ba a ce wa masu gidaje su yafe haƙƙinsu ba. Bukatar jama'a ta halatta a karɓi filin, nauyin biya kuwa ya hau kan jama'ar da za su amfana. Idan haka aka yi wa Masallacin Harami, to kamfanin da yake neman riba shi ya fi cancanta ya biya cikakken farashi.

Cikakken farashi kuwa shi ne abin da ake tauyewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya a kan abin da aka shuka ko aka gina a kan fili, ita ƙasar kanta ba a yi mata kuɗi. Saboda haka ana iya ƙirga wa manomi gero da dawar da ke tsaye da itatuwa kaɗan a biya shi, ya cinye kuɗin kafin damina biyu, ya wayi gari ba gona ba sana'a. Shari'a kuwa ta tabbatar da haƙƙin wanda ya sare daji ya raya ƙasa, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe wa wannan babi littafi guda mai suna Ta'alimur Radi. Ƙa'idar malamai ita ce wanda yake cin ribar abu shi yake ɗaukar asararsa. Idan buhun siminti ya isa kasuwa da sauƙi domin an bar wa ƙauye kuɗin magani da wahalar neman ruwa, to an tauye mudu, kuma Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu cika wa kansu su tauye wa wasu narko mai tsanani. Wannan shi ne Hausawa suke cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan wannan, akwai cutar da kuɗi ba ya halatta ta. Malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa 5: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya, kuma rai yana gaban dukiya a daraja. Mutum yana iya sayar da gonarsa, amma ba shi da ikon sayar da huhun ɗansa ko ruwan shan maƙwabcinsa. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa jama'a sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. A kan wannan tushe ne Shaihu Halil ya ambaci cewa alƙali yana hana mutum ya ƙago wa maƙwabtansa hayaƙi irin na gidan wanka, ko wari irin na majema, ko masussuka a gaban gidan wani saboda ƙaiƙayi. Idan ƙaiƙayin sussuka ya isa a kai ƙara gaban alƙali, yaya ƙurar da take toshe huhu, da ruwan da yake kashe fadama? Haka nan sa hannun da aka karɓa daga mutanen da ba a karanta musu takarda da harshensu ba, ba a kuma gaya musu abin da zai sami rijiyoyinsu ba, bai zama yarda ba, domin ciniki cikin jahilci da ruɗi ɓatacce ne.

Sa'an nan kowace mahaƙa tana da ranar ƙarewa. Da jiragen ƙasa suka koma amfani da man dizal, aka kuma sami man fetur a Oloibiri a 1956, sai kasuwar kwal ɗin Inugu ta fara faɗuwa, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙarasa karya ta, aka bar ramuka da gurɓataccen ruwa ga mutanen da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da ake cin riba. A ƙauyen Abafan na yankin Wales a Birtaniya, tulin tarkacen kwal da aka jibge a kan tudu ya zame bayan ruwan sama a ranar 21 ga Oktoba, 1966, ya binne makarantar firamare, mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara ne. Ita Birtaniyar da ta fara gina masana'antunta a kan kwal ta rufe mahaƙarta mai zurfi ta ƙarshe a 2015, ta kuma kashe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal a 2024. Kamfani yana iya naɗe kayansa ya tafi, ƙauye kuwa ba shi da inda zai tafi. Saboda haka cike rami da mayar da ƙasar noma yana cikin bashin da ke wuyan mai haƙa, kuma bashi ba ya faɗuwa domin mai bin sa talaka ne.

Kada mutanen Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe su ga kamar maganar ta nesa ce. Arzikinsu yana kan gona da fadama da garke, watau abubuwan da haƙa take fara taɓawa, kuma gemun maƙwabcinsu ya riga ya kama wuta. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. A can ba wani babban kamfani ne ya kawo cutar ba. Mutanen gari ne suke kawo duwatsun zinariya cikin gidajensu suna niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara suke rarrafe. Wannan ya nuna cewa hukuncin hana cutarwa bai tsaya a kan masu kuɗi kaɗai ba, ya hau kan duk wanda ɗokin samu ya sa ya manta da iyalinsa da maƙwabtansa. Suratur Rum ta danganta ɓarnar da take bayyana a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata, ba ta ware mai arziki daga matalauci ba.

Nauyi mafi girma yana kan iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, domin ta ƙofarsu baƙo yake shiga. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai izinin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk bayan shekara 5, kuma dokar 1992 ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli tun ba a soma shi ba. Basaraken da aka kawo wa irin wannan takarda wakili ne, kuma wakili ba ya karɓar kyauta daga wanda yake ciniki da shi a madadin jama'a. Ya kamata ya tara mutane, har da mata masu ɗebo ruwa da makiyayan da burtalinsu zai toshe, a karanta takardar da Hausa. A auna ruwan rijiyoyi a rubuta kafin a sa katafila, domin a sami hujja ranar jayayya. A nemi gona a madadin gona, a rubuta wanda zai biya kuɗin asibiti, da wanda zai cike rami, da kuɗin da aka ajiye domin haka. Tun ranar gini ake yin zane.

Malamai da limamai su ma suna da nasu rabon, domin talaka yakan ɗauka cewa duk abin da ya zo da hatimin hukuma ƙaddara ce wadda ba a tambaya a kanta. Wajibi ne a sanar da shi cewa neman haƙƙi ta hanyar doka da lumana ba ya saɓa wa haƙuri ko biyayya, kamar yadda mutumin nan na majalisar Annabi ya yi magana aka kuma saurare shi. Wajibi ne kuma a sanar da mai kamfani da ma'aikacin da yake sa hannu a kan izini cewa gina masallaci ko raba buhunan shinkafa da azumi ba ya goge haƙƙin wanda aka ɓata wa rijiya, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an biya shi ko shi da kansa ya yafe.

Amsar mas'alar ke nan. Haƙar kwal da sauran ma'adinai halas ce, kuma hukuma tana da ikon bayar da izininta. Amma izinin yana tsayawa ne a kan sharuɗɗa: a sanar da mutane gaskiya kafin a nemi yardarsu, a biya su abin da zai maye musu gurbin gonarsu, a tsare ruwansu da lafiyarsu, a kuma gyara ƙasar bayan an gama. Inda aka ga ba za a iya haƙa ba sai da halaka rayuka, to barin ma'adinin a inda Allah Ya ajiye shi shi ne daidai, domin kawar da ɓarna yana gaban jawo amfani. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya tsare wa talakawa gonakinsu da ruwansu da lafiyar 'ya'yansu. Allah Shi ne Mafi sani.